Sharkasawa: Al'ummar da Aka Kora Daga Duwatsun Kaukasas Ta Koma Gadin Fadojin Wasu

Duk wanda ya taɓa kallon hoton tarbar wani babban baƙo a fadar Sarkin Jodan da ke Amman, wataƙila idonsa ya faɗa kan wasu dogarai waɗanda shigarsu ba ta yi kama da ta Larabawa ba ko kaɗan. Suna sanye da doguwar riga mai tsukakken ƙugu da hular gashin tunkiya, da wuƙa mai adon azurfa a rataye a gaba, sannan a ƙirjinsu an jera wasu 'yan bututu dama da hagu kamar alƙaluma a aljihu. Waɗannan mutane suna tsaron gidan sarautar Hashimawa tun zamanin Abdullahi na Ɗaya, wanda ya sauka a Amman a 1921. Larabawa suna kiran su Sharkas, Turkawa da Rashawa suna ce musu Cerkes, su kuwa sunan da suke kiran kansu shi ne Adige. A nan za mu kira su Sharkasawa. Ƙasarsu ta asali tana can arewa maso yammacin duwatsun Kaukasas, a cikin Rasha ta yau, amma mafi yawansu, nesa ba kusa ba, suna zaune ne a wajenta, kuma hanyar da ta kai su fadar Amman ita ce ta kai 'yan uwansu Turkiyya da Siriya da Isra'ila har da Amurka.

Ƙasar da suka fito shimfiɗe take tsakanin gaɓar Bahar Aswad daga yamma da kogin Kuban daga arewa, ta miƙa gabas har yankin kogin Terek. A cikinta dutsen Elbrus yake, mai tsawon mita 5,642, wanda ya fi kowane dutse tsawo a nahiyar Turai, su kuma suna kiran sa Oshamaho. Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki guda na tsawon lokaci ba. Ƙabilu ne goma sha biyu bisa lissafin da suka saba yi, daga ciki akwai Kabardawa da Shapsug da Abzah da Natuhaj da Bijedug da Besleney da Ubih, shi ya sa tutarsu koriya take ɗauke da taurari goma sha biyu da kibau uku a gicciye. Tsarin zamansu ma ya bambanta. Kabardawa da ke filayen gabas suna da sarakuna da ake kira pshi, da fadawa, da talakawa 'yantattu, da bayi, kowa ya san matsayinsa. Shapsug da Abzah da Natuhaj na cikin dazuzzukan yamma kuwa sun karya ƙarfin masu sarautarsu tun a ƙarshen ƙarni na 18, suka koma yanke hukunci a majalisar dattawa da ake kira hase.

Harshensu na cikin wani ƙaramin dangi na harsunan arewa maso yammacin Kaukasas, tare da Abhaz da Abaza da Ubih, kuma ba shi da dangantaka da Rashanci ko Turkanci ko Larabci. Yana da manyan rassa biyu, Adige na yamma da Kabardanci na gabas. Abin da ya sa masana harshe suke ji da shi shi ne yawan baƙaƙe da ƙarancin wasula: Kabardanci yana da baƙaƙe kusan hamsin, wasu karin harshen yamma sun fi haka, alhali wasulan asali ba su wuce uku ba. Ubih ya zarce su duka, domin baƙaƙensa sun haura tamanin, wasulansa biyu kacal. An rubuta harshen da haruffan Larabci, aka koma na Latin a farkon zamanin Tarayyar Sobiyet, sannan aka mayar da shi haruffan Rashanci a ƙarshen shekarun 1930. Wannan sauyi na ƙarshe ya haifar da matsalar da ake fama da ita har yau, domin Basharkashen da ya tashi a Amman ko Kayseri ta Turkiyya yana iya jin maganar ɗan uwansa na Nalcik da ke Rasha, amma ba lallai ne ya iya karanta wasiƙarsa ba.

Tun da ba su da fada guda da za ta ɗaure su, abin da ya haɗa kansu shi ne Adige Habze, wato ƙa'idojin zaman duniya da ba a rubuta ba, waɗanda ake koyo daga baki da kuma kallon manya. Wanda ya san yadda Fulani suke riƙe da pulaku zai fi saurin gane nauyin wannan kalma. Habze ya tsara wanda zai zauna a ina a wurin cin abinci, da wanda zai fara magana, da ɓangaren da yaro zai bi idan yana tafiya tare da babba. Kowane taro yana da dattijon da ke jagorantarsa, wanda ake kira tamada, kuma ba a tashi ko a fara ci sai da izininsa. Baƙo yana da ɗaki na musamman a wajen gida, hacesh, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa. Ba a tambayar sa sunansa ko abin da ke tafe da shi sai ya huta, kuma muddin yana ƙarƙashin rufin mai gida, to tsaron ransa yana wuyan mai gidan ko da maƙiyi ne. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Sharkasawa sun mayar da irin wannan magana doka mai hukunci, wanda ya karya ta ya zubar da mutuncin zuriyarsa.

Akwai kuma kunya mai tsanani a cikin gida. Uba ba ya ɗaukar ɗansa ko ya yi masa wasa a gaban dattawa, miji ba ya kiran matarsa da sunanta a bainar jama'a, amarya ba ta faɗin sunan surukinta sai dai ta laƙaba wa dangin miji wasu sunaye, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san alkunyar ɗan fari ba. Masu sarauta sukan ba da ɗansu riƙo tun yana jariri ga wani gida, a can zai koyi hawa doki da riƙon makami da ladabi, ba zai dawo gidan ubansa ba sai ya zama saurayi, kuma zumuncin da ke tsakanin yaro da gidan da ya rene shi yakan yi ƙarfin na jini. Ta wajen aure kuwa sun sha bamban da Larabawan da suka zauna a cikinsu daga baya: auren zumunci haramun ne a al'adarsu, ba a auren wanda aka haɗa kaka da shi ko da an yi nisa, har ma masu sunan dangi ɗaya. Saboda haka samari da 'yan mata suna haɗuwa a fili a wurin rawar biki, wadda ake kira jegu, maza a layi ɗaya mata a layi ɗaya, namiji yana taka rawa a kan yatsun ƙafa, mace tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa, ba tare da jikinsu ya haɗu ba a yawancin raye-rayen. Mace tana da wata alfarma da ake yawan ambato: idan maza biyu suka zare makami ta jefa ɗankwalinta a tsakaninsu, dole faɗan ya tsaya. Tatsuniyoyinsu na jarumai, waɗanda ake kira Nart, suna ba da labarin uwa mai hikima Satanay da ɗanta Sosruko, wanda ya ƙwato wuta daga hannun wani ƙato ya kawo wa mutanensa, da maƙeri Tilepsh. Abincin gidansu na yau da kullum wani tuƙaƙƙen gero ne mai kama da tuwo da ake ci da miyar kaza, sai cuku mai laushi wanda har yau ake sayar da shi a kasuwannin Rasha da sunan Adige.

Fitarsu ta farko zuwa duniyar Musulmi ta hanyar bauta ce. Tashoshin Bahar Aswad sun daɗe suna fitar da yara maza da mata daga Kaukasas, wasu an kamo su a hari, wasu kuma manyan ƙasar ne da kansu suka sayar da su. Sarakunan Masar suna sayen samarin, a musuluntar da su, a horar da su aikin soja, a 'yanta su, su zama Mamalik. A 1382 ɗaya daga cikinsu, Barƙuƙ, ya hau gadon sarautar Alƙahira, daga nan mulkin Masar da Sham da Hijaz ya kasance galibi a hannun Sharkasawa har shekara 135. A zamanin Barƙuƙ ne Ibn Khaldun ya yi alƙalanci a Alƙahira. Barsbay ya ci tsibirin Ƙubrus a 1426. Ƙayitbay, wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, shi ya gina sansanin da ke bakin teku a Iskandariyya, ya kuma sake gina Masallacin Annabi a Madina bayan gobarar 1481. A nan ne tarihinsu ya taɓa namu. Wajen 1391 Mai na Borno, Usman ɗan Idris, ya aika wa Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama 'ya'yan Musulmi 'yantattu daga ƙasarsa suna sayarwa a Masar da Sham, yana roƙon a bincika a sake su. Ƙalƙashandi ya adana wannan wasiƙa a littafinsa Subhul A'sha. Abin lura shi ne, sarkin da aka kai wa ƙarar shi kansa a kasuwar bayi aka saye shi. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha, shi ma a ƙarƙashin waɗannan sarakuna ya yi rayuwarsa. Daular ta faɗi ne lokacin da Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya ci Ƙansuh al-Gauri a Marj Dabiƙ a 1516, ya rataye Tuman Bay a ƙofar Zuwaila a 1517.

A gida kuwa Musulunci ya shige su a hankali. Sun daɗe suna bin addinin gargajiya, suna taruwa a kurmin itatuwa masu alfarma, daga baya Kiristanci ya shigo ta hannun Rumawa da 'yan kasuwar Italiya, sannan Musulunci ya yaɗu daga ƙarni na 16 ta hanyar Tatar na Kirimiya da Turkawa. Bai game ƙabilun yamma sosai ba sai a lokacin yaƙi da Rasha. Yau kusan dukansu 'yan Sunna ne mabiya mazhabar Hanafiyya.

Dangantakarsu da Rasha ta fara ne da ƙawance. A 1557 wani sarkin Kabardawa mai suna Temryuk ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Rasha Ivan na Huɗu domin neman kariya daga Tatar na Kirimiya, a 1561 kuma ya aura masa 'yarsa, wadda aka yi wa baftisma da sunan Mariya. Bayan shekara ɗari huɗu gwamnatin Sobiyet ta yi bikin wannan yarjejeniya a matsayin ranar da Kabardawa suka shiga Rasha bisa son ransu, fassarar da yawancin masana tarihin Sharkasawa ba su yarda da ita ba. Yaƙi na sosai ya soma ne a 1763, lokacin da Sarauniya Katarina ta Biyu ta gina sansanin Mozdok a ƙasar Kabardawa, kuma bai ƙare ba sai bayan shekara 101. Kabardawa ne suka fara faɗuwa, domin ƙasarsu fili ce, ga kuma annobar da ta auka musu a farkon ƙarni na 19, ta haɗu da hare-haren Janar Yermolov suka rage su zuwa ɗan ƙaramin kaso na yadda suke a da.

A 1829 Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda bai kamata a rikita ta da tamu ta Sakkwato ba, ta sha kaye a hannun Rasha, ta sa hannu a yarjejeniyar Edirne inda ta sallama gaɓar gabashin Bahar Aswad. Sharkasawa suka ce Sarkin Istanbul ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, domin sun san shi a matsayin halifa amma ba su taɓa biyan sa haraji a matsayin talakawansa ba. Ana ba da labarin wani dattijon Shapsug da ya nuna wa wani janar na Rasha tsuntsu a kan bishiya ya ce ya ba shi kyauta, in ya iya ya kama. Rasha ta toshe bakin teku domin hana su gishiri da albarushi, ta jera sansanoni a gaɓa. A 1840 Sharkasawa suka fasa da dama daga cikinsu. Wasu Turawan Ingila irin su David Urquhart sun yi ta zuga su da alkawarin taimako, har Rasha ta kama wani jirgin Ingila mai suna Vixen a gaɓarsu a 1836, amma Landan ba ta yarda ta yi yaƙi saboda su ba, kuma da aka zauna sulhu a Paris a 1856 bayan yaƙin Kirimiya, ba su sami komai ba. A nawa ganin, babban rauninsu a cikin gida yake. 'Yancin da kowace ƙabila take taƙama da shi shi ne ya hana su bin shugaba guda, ko da Muhammad Amin, wakilin Imam Shamil, jagoran jihadi da Rasha a Dagistan, ya yi ƙoƙarin haɗa su a ƙarƙashin shari'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ga abokin gaba da ya haɗa yawa da ƙarfi.

Shamil ya miƙa wuya a 1859, Muhammad Amin ya bi sahu a shekarar, sai Rasha ta juyo da dukan rundunarta yamma. A nan ne manufa ta sauya daga cin ƙasa zuwa kwashe mutanenta. Manyan hafsoshi irin su Dimitri Milyutin da Nikolai Yevdokimov sun yanke shawarar cewa gaɓar teku ba za ta zauna lafiya a hannun Rasha ba muddin masu ita suna cikinta, don haka a ba su zaɓi biyu: ko su sauko filayen Kuban su zauna a ƙarƙashin idon sojojin Kosak, ko su tafi Turkiyya. A 1861 Ubih da Shapsug da Abzah suka kafa majalisar haɗin gwiwa a yankin Soci, suka gana da Sarki Alekzanda na Biyu, suka aika wakilai Istanbul da Landan, duk a banza. Rundunoni suka riƙa bin kwari bayan kwari suna ƙone ƙauyuka da rumbuna, suna kora dabbobi, suna tura jama'a bakin teku. Ranar 21 ga Mayu 1864, bisa tsohuwar kalandar Rasha, ƙanen sarki, Mika'il, ya yi faretin nasara a wani fili da ake kira Kibada, wanda yau ake kira Krasnaya Polyana.

Abin da ya faru a bakin teku shi ne ciwon da Sharkasawa suke ɗauke da shi har yau. Dubban iyalai sun yi watanni a fili cikin sanyi suna jiran jirgi, yunwa da agana da zazzaɓin taifus suna ɗibar su. Masu jiragen ruwa suna cusa mutane fiye da kima domin kuɗi, wanda ya mutu ko ya galabaita a jefa shi ruwa, wasu jiragen suka nutse da kowa da kowa. Waɗanda suka isa tashoshin Daular Usmaniyya na Tirabzon da Samsun da Barna sun tarar da sansanonin da cuta ta riga ta mamaye, inda jakadun Turai da ke wurin suka riƙa aika rahoton mutuwar ɗaruruwa a kowace rana. Lissafin hukumomin Rasha na wancan zamani ya nuna mutum kusan rabin miliyan sun fita, wasu masana tarihi kuma suna kai adadin sama da miliyan ɗaya, ban da waɗanda suka mutu kafin su kai gaɓa. Ƙabilar Ubih gaba ɗayanta ta bar ƙasarta. Akwai tsofaffi a Turkiyya da suka rayu har suka mutu ba su ci kifin Bahar Aswad ba, suna cewa ya ci naman kakanninsu. Abin takaici kuma, rigar nan mai bututun albarushi a ƙirji da takobin da ake kira shashka, wanda sunansa ma daga harshen Adige aka ɗauko shi, sun zama kayan alfaharin sojojin Kosak, waɗanda aka raba wa gonakin masu rigar.

Gwamnatin Istanbul ta karɓe su don addini, amma kuma da lissafi. Tana buƙatar manoma a ƙasar da ba kowa, tana buƙatar Musulmi masu iya yaƙi a wuraren da take tsoron tawaye, saboda haka ta warwatsa su ƙauye-ƙauye a Anatoliya da yankin Balkan. A Bulgeriya an yi amfani da wasunsu wajen murƙushe boren 1876, aikin da ya bar musu mummunan suna a can, kuma bayan yaƙin Turkiyya da Rasha na 1877 zuwa 1878 aka sake kwashe su karo na biyu, aka kai da yawa ƙasar Sham. Wannan shi ne tsarin da ya bi su ko'ina: baƙon da ba shi da ƙasa, ba shi da dangi a cikin 'yan gari, ba shi da abin dogaro sai hukuma, don haka hukuma take samun amintaccen soja a wurinsa.

Lokacin da 'yan Shapsug suka isa Amman a 1878, wurin kango ne, har sai da suka fara fakewa a cikin tsohon dandalin wasan Rumawa da kogunan da ke kewaye. Su da sauran Sharkasawan da suka biyo baya ne suka sake raya garin, suka kafa Wadi Sir da Jarash da Na'ur, suka shigo da amalanken shanu, suka yi ta gwabzawa da Larabawan ƙauye a kan ruwa da makiyaya kafin a yi sulhu. Magajin garin Amman na farko, Isma'il Babuk, Basharkashe ne, haka ma Sa'id al-Mufti wanda ya riƙe muƙamin firayim minista har sau uku a shekarun 1950. Dokar zaɓen Jodan ta keɓe musu kujeru uku a majalisa tare da Cecenawa. A Siriya an zaunar da su a tuddan Golan, garin Ƙunaiɗira ya zama cibiyarsu, Faransawa kuma suka ɗebi mahaya daga cikinsu suka yi amfani da su a kan boren 1925. Da Isra'ila ta kama Golan a 1967 suka sake zama 'yan gudun hijira, yawancinsu suka koma Dimashƙu, wasu suka wuce jihar New Jersey ta Amurka. Ƙauyuka biyu da suka faɗa cikin Isra'ila, Kafar Kama da Rihaniya, mazaunansu 'yan dubbai ne, Musulmi ne, kuma tun 1958 aikin soja wajibi ne a kan mazajensu. Ke nan an wayi gari jikokin mutanen da suka hau jirgi ɗaya suna cikin rundunonin da ke fuskantar juna.

Turkiyya ce ke da mafi yawansu, ana ƙiyasta su da miliyoyi, ko da yake a can kalmar Cerkes takan haɗa har da Abhaz da sauran mutanen arewacin Kaukasas. Sun cika rundunar soja da fadar sarki, inda mata da yawa na sarakunan ƙarshe 'yan Kaukasas ne. A yaƙin kafa jamhuriya sun kasu biyu: Ahmad Anzawur ya jagoranci bore don goyon bayan halifa, Cerkes Ethem kuma ya murƙushe shi a madadin Ankara, kafin shi ma ya ɓata da Mustafa Kamal ya tsallaka wajen Girkawa a farkon 1921, ya ƙare rayuwarsa a Jodan a 1948. An daɗe ana koya wa yara sunansa haɗe da kalmar maci amana, kuma ƙabilarsa ta sha wannan tabo. Jamhuriyar ta rufe ƙungiyoyinsu da makarantarsu, ta matsa wa kowa ya yi Turkanci, dokar 1934 kuma ta tilasta ɗaukar sunan dangi na Turkanci. Duk da haka ƙauyuka irin na Uzunyayla da ke Kayseri sun riƙe harshen, har sai da ƙaura zuwa birane daga shekarun 1960 ta yi masa illar da doka ba ta iya yi ba. Sai a 2012 aka yarda a koyar da shi a makarantun gwamnati a matsayin darasin zaɓi, Jami'ar Duzje kuma ta buɗe masa sashe.

A nan ne nake ganin farashin wannan amana ya fito fili. Sharkasawa sun sami muƙami da mutunci a kusan duk ƙasar da suka sauka, ba a cika saninsu da bara ko tawaye ba, amma mutumin da ya shiga aikin soja da na gwamnati harshen hukuma yake reno a gidansa. Rawa da riga da girmama tamada sun tsira domin ana iya yin su a ranar biki, harshe kuwa kullum yake son a yi shi. Inda ya fi ƙarfi a ƙetare shi ne Kafar Kama, ƙauyen da babu wanda za su narke a cikinsa, kuma ana koyar da shi a makaranta. Ubih ya riga ya tafi. Mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, Tevfik Esenc, wanda ya yi shekaru yana aiki da masanin Faransa Georges Dumézil domin a rubuta harshen, ya rasu a Istanbul a watan Oktoba na 1992.

Waɗanda suka rage a gida ma ba a bar su a haɗe ba. Tarayyar Sobiyet ta raba su a yankuna daban-daban da sunaye daban-daban: Adigawa a Adigeya mai hedikwata a Maikop, Kabardawa a Kabardino-Balkariya mai hedikwata a Nalcik, Cerkes a Karacay-Cerkesiya, sai 'yan tsirarun Shapsug a bakin teku. A biyu daga cikin waɗannan jamhuriyoyi an haɗa su da ƙabilun da ke magana da harsunan dangin Turkanci. Ƙidayar 2010 ta nuna jimillarsu ta ɗan haura 700,000, fiye da 500,000 daga ciki Kabardawa ne, kuma a Adigeya, wadda ke ɗauke da sunansu, ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba. Kafin ƙidayar 2021 matasa sun yi gangamin kira ga kowa ya rubuta suna guda. Dokar Rasha ta 2018 da ta mayar da koyon harsunan ƙabilu abin ganin dama ta ƙara musu fargaba.

Batun da ya fi zafi shi ne sunan da za a ba abin da ya faru a 1864. Majalisar Kabardino-Balkariya ta kira shi kisan ƙare dangi a 1992, ta Adigeya ta bi baya a 1996. Moscow ba ta taɓa amincewa ba. Matsayinta shi ne yaƙi aka yi, mutane kuma suka zaɓi yin hijira. Jojiya ta amince da kalmar a ranar 20 ga Mayu 2011, shekara uku bayan yaƙinta da Rasha, majalisar Yukren ta yi haka a watan Janairu na 2025 tana tsakiyar nata yaƙin. Ba sai an faɗa ba, ƙasashen biyu suna da tasu manufa, kuma Sharkasawa da yawa sun san haka, musamman da yake Jojiya tana rikici da 'yan uwansu Abhaz, waɗanda 'yan sa-kai na Sharkasawa suka taimaka wa a yaƙin 1992 zuwa 1993. Turkiyya da Jodan, inda suka fi yawa da faɗa a ji, sun yi gum saboda hulɗarsu da Rasha. Duniya ta fi jin labarin ne a 2014, lokacin da aka yi gasar Olamfik ta hunturu a Soci, shekara 150 cif bayan korar, aka kuma yi wasannin zamiya a kan ƙanƙara a Krasnaya Polyana, filin faretin nasara. Ƙungiyoyin matasa a Istanbul da New Jersey sun yi zanga-zanga, yayin da Ƙungiyar Sharkasawa ta Duniya, wadda aka kafa a Nalcik a 1991, ta bi a hankali, abin da ya sa wasu na ƙetare suke zarginta da zama 'yar amshin shatan hukuma.

Komawa gida ita ce maganar da ake yi a kowane taron 21 ga Mayu, amma waɗanda suka koma kaɗan ne. Mutumin da aka haifa a Istanbul yana da aiki da gida da 'ya'ya a makaranta, ƙasar kakanninsa kuma tana magana da Rashanci. Da yaƙin Siriya ya ɓarke a 2011 wasu sun nufi Nalcik da Maikop, 'yan uwa suka yi musu karo-karo suka sauke su, amma gwamnatin tarayya ba ta buɗe musu wata ƙofa ta musamman ba, sai suka bi layin neman izinin zama kamar kowane baƙo, da ƙayyadadden gurbi na shekara-shekara. Sau ɗaya ne Moscow ta ɗauki nauyin dawo da wata al'ummarsu a dunƙule, wato a 1998, lokacin da aka kwaso Sharkasawan Kosobo daga bakin yaƙi, mutum wajen ɗari biyu, aka gina musu ƙauye kusa da Maikop mai suna Mafehabl. Rukunin farko ya sauka ne ranar 1 ga Agusta, kuma Adigeya tana bikin wannan rana kowace shekara a matsayin ranar waɗanda suka dawo.